Abin da Ango Ya Maƙala a Silin

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Hindatu, 'yar ƙanena, ba. Shekarun nan ne da bama-bamai ke tashi a Kano, ko leda ka gani a bakin masallaci sai ka canza hanya. Ni kuwa duk danginmu babu wanda ya kai ni zargi (har mai kawo mana ruwa sai da na sa aka binciki asalinsa).

Angon, Sani, tun farko bai kwanta mini ba. Mai gyaran rediyo ne, ba ya son magana, aljihunsa kullum cike da guntayen wayar lantarki da batura. Ku gaya mini, a lokacin nan wa zai ga haka hankalinsa ya kwanta?

Muka je gidan da ya kama a unguwar Kabara, muka shirya ɗakin amarya tsaf. Da aka gama na ce a miƙo kasko, turare aikina ne. Na cika garwashi, na zabga turaren wuta ba na wasa ba, na rufe taga da ƙofa don ƙamshi ya kama labule. Ina cikin yaba wa kaina sai wata ƙara ta tsaga ɗakin. Na ɗaga kai, sai ga wani farin abu kamar murfin kwano manne a silin, jar wuta tana ƙiftawa.

"Bam ne! Wallahi dama na faɗa!"

Ni da ciwon gwiwa ke hana ni sallah a tsaye, ni na riga kowa fita, babu mayafi, takalmi ƙafa ɗaya. Lungu ya cika. A gaban mai unguwa na zayyane komai, har da baturan aljihu. Wani ya ce a kira sojojin da ke shinge a bakin titi. Nan na fara da-na-sani, don kowa ya san wanda suka ɗauka a lokacin ba a san ranar dawowarsa ba, ga ɗaurin aure gobe.

Allah ya sa mai unguwa ya ce a fara kiran yaron. Sani ya zo, ya shiga, ya buɗe taga, ya taka kujera. Ƙara ta ɗauke. Ya fito da abin a tafin hannunsa.

"Gwaggo, hayaƙi yake ji, sai ya yi ihu," in ji shi a hankali. "Gobara ce ta cinye ɗakin mahaifiyata tana barci, da ƙyar aka fito da ita. Shi ya sa na saka wa Hindatu." Sai ya ɗan yi tari. "Amma wa ya yi wannan turaren?"

Duk matan suka juyo suka kalle ni. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Bayan biki ya zo ya maƙala mini ɗaya a ɗakina. Har yau shi ke zuwa ya canza batir, ya danna ya gwada, ya share ƙura. Na koyi buɗe taga kafin in buɗe baki. Jikokina kuwa, da abin ya yi ƙara sai su ce, "Gwaggo, ga ƙawarki ta fara."