Yadda Za Ka Ƙwace Na'urar Wasan 'Yarka Don Ta Yi Karatu

Ni Pyo Gwang-su, mai rumfar kayan marmari a kasuwar Cheongju, na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan, 'yarka za ta rabu da wasa kafin jarrabawar shiga jami'a. Tawa, Da-som, ta rabu da shi sarai.

1. Ƙwace, fuska a murtuke

Ana saura kwana ɗari a yi jarrabawa, miƙa hannu ka karɓe na'urar. Ka ce, "Ina daɗi a jera duwatsu masu launi, uku su haɗu su ɓace? Haka makomarki za ta ɓace." Kada ka yi murmushi.

2. San abokin gabarka

Uba nagari ba ya hana abin da bai sani ba. Kunna ta a rumfa, minti biyar kacal. Kiɗan zango na farko na wasan kamar ɗigar ruwa a kwano yake, ba shi da haɗari. A na tara ne sarewa ke shigowa. Daga nan sai Allah.

3. Kada ciniki ya raba maka hankali

In ka jera lemo uku ka tsaya jiran su ɓace, ba taɓuwa ba ce, natsuwa ce. Wata tsohuwa ta ce mini, "Mai rumfa, sayarwa kake ko gadi?" Irin wannan ba a ba ta amsa.

4. Nema wa 'yarka sa'a

Matarka za ta ja ka haikali, ku yi durƙuson nan ɗari da takwas na iyayen masu jarrabawa. Bi kiɗan zango na ashirin a zuci, gwiwa ba za ta ji komai ba. Sai dai yana ƙara sauri a ƙarshe. Matata Mi-ran ta finciko rigata. "Baban Da-som, ibada muke, ba tsere ba. Ka wuce mutane da talatin."

5. Kame hancinka wajen cin abinci

A nan na faɗi. Ina tauna shinkafa, ashe hancina na rera kiɗa. Da-som ta ajiye cokali.

"Baba, ina ka ji wannan?"

"A rediyo."

"A zango na talatin da ɗaya na maƙale. Wannan na gaba da shi ne."

"To, rediyon ne ya yi nisa."

Ta miƙo hannu da irin fuskar da na yi mata.

6. Yi haƙuri

Za ta kulle na'urar a teburinta, ta rataya makulli a wuya, ta zauna gadi. Mai gadi ba shi da abin yi sai karatu. Kwana sittin kanta na cikin littafi.

"Na yanko miki tuffa."

"Ajiye a bakin ƙofa, Baba."

Ka ga dabarata ta ci ke nan.

7. Raka ta

Ranar jarrabawa, a ƙofar makaranta, na tambaye ta ko ta ɗauko fensir har sau huɗu. Ta zaro na'urar ta danƙa mini.

"Riƙe, Baba, jarrabawar awa tara ce, kada zuciyarka ta buga. In na fito ka nuna mini yadda ake wuce talatin da ɗaya."

Na zauna a gefen titi har yamma, na kasa kunnawa. Hancina dai bai huta ba. Wata uwa ta ɗauka addu'a ce, ta matso tana bi na.

Duk wanda ya bi shawarar nan lemonsa ya ruɓe, ko girmansa ya zube a gida, kada ya doso rumfata. Sakamako bai fito ba tukuna. In Da-som ta ci, ni na ƙwace na'urar. In ba ta ci ba, a nemi mai sarewa.