Yadda Za Ka Shigar Da Bairos Kwamfutar Ƙungiya Cikin Ladabi

Mutane na zaton wawa kaɗai bairos ke kamawa. Na daɗe ina juya maganar a raina, na gano mutumin kirki ya fi saurin samu. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin azahar kwamfutarka ta kwanta. An gwada su a kan Malam Bilyaminu, sakataren ƙungiyar manoman albasa ta Taloka, ko ɗaya bai ba da kunya ba.

1. Tara komai wuri guda

Ƙungiyar na da injin ban-ruwa uku, manoma tamanin da huɗu. Da can Baba Maigandi ke riƙe da layin a ka: wa zai karɓi inji Litinin, wa zai jira Talata. Da kwamfuta ta zo, Bilyaminu ya zuba jadawalin ciki, aka gode wa tsoho, aka ce ya je ya huta. Kai ma yi haka. Kada ka buga a takarda. Takarda ta mutanen da ce.

2. Girmama suruki

Imel zai shigo da sunan wanda kake jin nauyi. Na Bilyaminu da sunan surukinsa ya zo, Alhaji Yari na Wurno: gayyatar ɗaurin aure, ga kati a maƙale. Matarsa Raihana ta leƙo ta bayansa.

"Malam, auren wa kuma? Ni ce auta, Baba bai da ɗiyar da ta rage. Kuma yaushe ya fara rubutu da Turanci?"

"Ke Raihana, mi kika sani ga harkar imel? In ban buɗe ba a ce na raina shi."

Kada ka kira suruki a waya ka tambaya. Tambayar babba zargi ne.

3. Ji haushin gargaɗi

Kwamfuta za ta ce maka wannan fayil ba hoto ba ne, manhaja ce da ke neman izinin shiga. Ba ta izini. Na'ura ba ta san darajar Alhaji ba. Kati ba zai fito ba, saboda haka ka sake dannawa. Bilyaminu sau uku ya danna, don mutum ne mai haƙuri.

4. Bar shi ya yi zumunci

Ba sauran aiki a kanka. Bairos zai bi jerin mutanen da ka taɓa aika wa saƙo, ya tura musu gayyatar da sunanka, kamar yadda ya yi da sunan Alhaji. Kafin la'asar Sadiya, malamar gona ta Rabah, ta kira: "Malam Bilyaminu, Allah sanya alheri! Katin dai ya ƙi buɗewa. Wane anko za mu yi?"

A nan ne barci ke ƙaurace mini. Alhaji bai aika ba. Bilyaminu bai yi nufi ba. Wanda ya ƙera abin bai san inda Taloka take ba. Duk wanda ya danna, don yana ganin mutuncin wani ya danna. To laifin wa?

5. Yi shiru

Jadawali zai ƙi buɗewa. Kada ka gaya wa kowa, ce wa manoma matsalar wuta ce. Bilyaminu ya yi kwana biyu yana kashewa yana kunnawa. Dashen albasa kuwa bai san kunya ba, ƙishi ya sani. Rana ta uku aka tarar da magidanta biyu bakin rafi, kowa ya riƙe hannun inji ɗaya, kowa na rantsuwa yau tasa ce.

6. Tuɓe takalmi

Da biro da littafin makaranta Bilyaminu ya durƙusa a zauren Baba Maigandi.

"Mi ya samu akwatin naka, ɗana?"

"Ciwo ya kama shi, Baba."

"Shi ma? Wa ya sa mai?"

Bilyaminu ya dubi tabarma. "Sallama aka yi, na buɗe."

Tsoho ya gyara zama, ya kawo sunaye tamanin da uku, kowa da ranarsa, har da wanda ya yi musanya da ƙanensa bara. Da ya kai ƙarshe Bilyaminu ya ɗago kai, don bai ji nasa ba.

"Baba, ni fa yaushe?"

"Kai? Jiya." Ya bar shi ya haɗiye wannan tukuna. "Ɗauki tawa, gobe. Amma in gayyata ta zo maka da sunana, tako ka tambaye ni. Ba ni jin haushi."

Neman afuwa

Ni dai hanya na nuna. In albasarka ta yanƙwane, ko mutanen Rabah sun iso ƙofar gidanka da anko, babu hannuna. Masu ƙorafi su aiko ta imel. Ba zan buɗe ba.