Jotar da na miƙa wa uwar ango

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa manta bikin Rabi, 'yar yayata, a unguwar Lamadji, can ƙetaren iyaka, ba. Ni na nace sai an raba jota kamar yadda muke yi a Kano, wato ɗan littafin nan mai hoton ango da amarya a bango. Dangin ango Hausawan unguwar Bololo ne tun kakanni, ba su san wannan al'ada ba, ni kuwa ina son in burge.

Tun da safe Yaya ta ja min kunne: "Don Allah ki kama bakinki. Mutanen nan ba sa ɗaukar raini, kuma a cikinsu Rabi za ta zauna."

Baki kam na kama. Matsalata ba na riƙe suna, sai na zari jota ɗaya, duk wadda aka gabatar min in juya baya in rubuta sunanta da alamar da zan gane ta. (Wallahi ba mugunta ba ce, abin da ido ya gani ne.) Da aka kira ni rabon abinci, na jefa jotar cikin kwalin sauran.

Bayan la'asar na durƙusa gaban uwar ango, Hajiya Zenaba, na miƙa mata ta saman kwali da hannu biyu.

"Da shunu, 'yata? Karne ne?" Wato mene ne wannan, ko littafin rubutu ne, da irin maganarsu ta can.

"Jota ake ce mata, Hajiya, daga Ingilishi. Abin da mutum ya gani yake gudun mantawa, shi yake rubutawa a gurguje."

Ta buɗe. "To ai har an fara." Ba ta zo da tabarau ba, sai ta ba 'yarta Mariyam, ita kuma ta karanta a fili, dalla-dalla:

"Uwar ango, haƙorin Makka, faranti uku. Mariyam, baki kamar rediyo."

Sai a lokacin na gane jotar da na yi rubutu a ciki ce na miƙa. Na hango Yaya ta dafe ƙirji.

Hajiya ta dube ni, sannan ta ce a ba ni biro.

"Biyu na ci. Gyara."

Na gyara a gaban kowa, ta karɓi abarta ta sa a jaka.

Auren yana nan lafiya. Sai dai duk ranar da muka haɗu, Hajiya na gama cin abinci take ɗago min farantin in gani. Yanzu ba na rubuta sunan kowa. Duk macen da na manta, Hajiya nake ce mata, kuma har yau babu wadda ta yi fushi.