Sharar da Na Kwashe

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare aikina na shekarar ƙarshe a gaban malaman jami'armu a Dutse ba. Aikin kuwa shi ne in sa tsofaffin kwamfutocin sashenmu su riƙa tashi da sauri, don in ka kunna ɗaya, sai ka je ka sha fura ka dawo tana nan tana miƙa.

Ga wanda bai sani ba, akwai uwar manhaja da ake kira kenel. Da an kunna kwamfuta, ita ke bin kayan jikinta tana kiran suna kamar malamin aji: kibod, kana nan? Maus fa? Ina cikin tononta na ci karo da wasu layukan umarni masu ban haushi. Wai a kan wata irin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ta tambaya ko kibod da maus suna nan, ta dakata, ta sake tambaya. Na ce wannan ai ragwanci ne, na goge su tas. A kwamfutata komai ya tafi sumul (tawa sabuwa ce, firosesarta daban, amma wa ya tsaya wannan tunanin?).

Ƙawata Hadiza 'yar Ringim ta ce, "Ke dai ki gwada a ta sashe tukuna." Na ce a raina, hassada.

Ranar na sha sabon leshi. An gayyato wani farfesa daga wata jami'a, dattijo mai magana a hankali, kuma makina a hannunsa yake. Na haska layukan da na goge da majigi, har na rubuta musu kai da manyan baƙaƙe: SHARAR DA NA KWASHE. Sannan na kunna tsohuwar kwamfutar sashe. Kafin ƙiftawar ido ta tashi. Aka tafa! Na gyara mayafi na ce, "Ranka ya daɗe, abin da masana suka kasa gani ke nan."

Na zo shigar da kalmar sirri. Shiru. Na danna, na ƙara dannawa. Na girgiza maus. Na ce kibod ɗin ne ya lalace, aka kawo wani. Shiru. Har hura ramin wayar na yi da baki, a gaban jama'a (Hadiza ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta na rawa).

Farfesa ya ce, "'Yata, mayar mana da sharar nan mu gani."

Na mayar. Ya gyara tabarau, ya karanta bayanin da ke saman layukan, yana fassarawa da Hausa don kowa ya samu rabonsa: wannan firosesa da lahani ta fito daga masana'anta, tambayar farko takan ce babu kowa, sai an sake tambaya, kada a cire.

"Kin karanta wannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga yana da tsawo ne."

Ɗakin ya tuntsire. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Gaskiya ta tashi da sauri. Ni ma da ba na tsayawa gaisawa da kowa, da tuni na isa gida."

Allah ya taimake ni, farfesa ya ce in mayar da layukan cikin kenel in sake dawowa, na kuma ci da ƙyar. Tun daga nan, in na tarar da dutse a bakin ƙofa, sai na tambayi abin da yake tokarewa kafin in ce zan yi gwaninta.