Rasuwar Yaya, Keken Ɗinkin Maman Eunice

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta huce ba kuma ba ta da niyyar hucewa nan kusa, Madam Judith Shekari ta Narayi, wadda unguwa ta fi sani da Maman Eunice, tana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, matan zumuntar coci da duk masu kawo mata ɗinki rasuwar keken ɗinkinta, wanda yaran gida suke kira Yaya. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Alhamis, goma sha uku ga Maris, 1986, da hantsi, a barandar gida, yana tsakiyar aikin da ba nasa ba. Shekararsa goma sha uku a hannunta.

Marigayin ya shigo gidan ne tun Judith tana amarya. Mijinta Shekari, lokacin yana aiki a masaƙa a Kakuri, shi ya kawo shi a bayan a-kori-kura, ya ɗaure shi da igiya kamar saniyar biki. Ya riga duk yaran zuwa, shi ya sa suka taso suna ce masa Yaya. Baƙi ne wuluk mai zanen ruwan gwal a wuya. Ba ya tsinka zare, ba ya cin yadi, ba ya tsallake ɗinki. Abincinsa ɗigon mai ranar Asabar, sai a goge shi da tsumma. Muryarsa kuwa duk layin ya san ta: kirrr, kirrr, tak, sai a ji almakashi ya amsa. Da masaƙa ta rage ma'aikata shekara biyu da suka wuce, sunan Shekari yana cikin takardar, Yaya ne ya ɗauki gidan a wuyansa bai ce uffan ba. Kayan zumunta, kayan Kirsimeti, kayan sallar maƙwabta, facin wandon leburori, duk ya ɗinka, tukunya ba ta taɓa kwana a kife ba.

Ciwon da ya yi ajalinsa ba na farat ɗaya ba ne. Ya samo asali ranar da Eunice, babbar 'yar gidan, ta shiga aji uku a makarantar firamare ta unguwa, Madam Irene shugabar ƙungiyar iyaye da malamai ta ji labarin uwar yarinyar tela ce. Ta zo har baranda da murmushi da ƙullin jan yadi, ta ce ɗan ƙyallen ɗaurin kai ne na 'yan gidan ja, rukunin su Eunice, saboda wasannin makaranta sun matso.

"Maman Eunice, ai don yaranmu ne," in ji ta.

Judith ta karɓa da hannu biyu. Ba ta san ƙofar da ta buɗe ba. Bayan ƙyallen kai sai tutoci. Bayan tutoci sai siket ɗin maci na aji guda. Sai kayan gasar rawar gargajiya, waɗanda aka ce lalle na buhun algarara za a yi, marigayin ya yi mako yana tarin ƙaiƙayi. Sai labulen ofishin hedimasta, wanda har yau ba a gaya wa kowa gasar da ya shiga ba. Sai doguwar rigar sarauniyar gidan ja mai hawa uku, sarauniyar kuwa 'yar Madam Irene ce, shekara uku a jere. A tsakanin haka ba a fasa aiko yara gida da katin roƙo ba. Yau gidauniyar katanga, gobe ta ganguna, jibi ta kofin azurfa. Katangar tana nan, ba ta wuce gwiwa ba, awaki suna hutawa a kanta. Wani uban yakan ba da abin da ya ba da ya juya ya tafi aikinsa. Judith takan ba da nata, sannan a ɗora mata yadi.

Kada mai karatu ya ce me ya hana ta ƙi. Ta taɓa ƙi, sau ɗaya, bara, tana da ɗinkin aure a gabanta. Mako bai zagayo ba aka cire Eunice daga cikin 'yan gudun miƙa sanda, aka ce akwai wadda ta fi ta. Duk Narayi an san babu. Yarinyar ta dawo gida ta zauna a bayan ɗaki, tuwo ya huce a gabanta, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci ba. Washegari Judith ta ɗaura ɗankwali ta tafi gidan Madam Irene da ƙafarta, ta tambaya ko yadin nan yana nan. Yana nan. Ranar Litinin aka mayar da Eunice layi.

Bana sai aka haɗa wasannin da ƙaddamar da gidauniyar gina zauren taro, aka gayyato manyan baƙi. Manyan baƙi ba sa zama a rana. Madam Irene ta samo tsohon tamfol na babbar mota, mai kauri kamar fatar raƙumi, ta sa aka jibge shi a barandar Judith, ta ce a haɗa rumfa, da lanƙwasa baki da wurin zura igiya. Judith ta taɓa shi ta girgiza kai.

"Madam, wannan aikin masu ɗinkin kujerar mota ne. Kekena ba zai ɗauka ba."

"Ki gwada dai," in ji Madam Irene. "Kin san Eunice ce muke so ta riƙe tutar gidansu bana."

Judith ta ture kayan Ista na mutane gefe, ta gwada. Kwana uku marigayin yana fama. Allura ta karye har ta daina ƙirgawa. Ta shafa wa tamfol ɗin sabulu, ta shafa masa kyandir, tana taka ƙafa a hankali tana juya wilin da hannu. Ranar Laraba murya ta sauya, kirrr ta koma gur, gur, kamar numfashin dattijo a kan tudu. Ta ji, ta kuma san abin da ta ji. Ta ƙara masa mai ta ci gaba, don saura gefe ɗaya. Wannan ita ce maganar da take maimaita wa duk wanda ya zo gaisuwa: ta ji, ba ta tsaya ba. Ranar Alhamis da hantsi, a kan kusurwa inda tamfol ya ninku huɗu, ya ce gur, ya ce ƙwas. Bai sake cewa komai ba.

An garzaya da shi Kakuri wurin Chinedu mai gyaran kekunan ɗinki. Ya kwance shi, ya haska ciki, ya kira Judith ta gani da idonta.

"Madam, wannan ya tafi. Babban ƙarfen ciki ya tsage. A wannan zamanin ko Legas kika je ba za ki samu irinsa ba."

Iyalan suna so jama'a su san yadda aka yi da rumfar. An kai ta wurin masu ɗinkin kujerar mota, suka ƙarasa gefen da ya rage a yini ɗaya, aka sallame su nan take, hannu da hannu. Ranar Asabar manyan baƙi suka zauna a inuwarta suna shan lemo, Judith tana tsaye a rana bayan igiya tare da sauran iyaye. Hedimasta ya ɗauki lasifika ya yi godiya. Ya kira sunan babban mai ƙaddamarwa sau uku. Ya kira wanda ya kawo lemon, da wanda ya ba da aron kujeru, da wanda ya ba da aron lasifikar da yake magana da ita. Daga nan ya ce, da sauran iyaye. Eunice ta riƙe tuta, ta kuma yi gudun mita ɗari ba takalmi, ta bar ta biyu da nisa. Judith ba ta musun cewa ta yi ihu har ɗankwalinta ya faɗi. Kyautar da aka ba yarinyar farantin roba ne da fensir.

Ranar Litinin ta je ta sanar da Madam Irene rasuwar. Madam Irene ta ce ayya, dama ai ya tsufa. Sannan ta tambaya ko Judith ta san wani telan a cikin iyaye, don gasar wasan kwaikwayo tana tafe. Amsar da Judith ta ba ta ba ta dace da takardar ta'aziyya ba. Maganar tana gaban fasto.

Marigayin ya rasu ya bar almakashi guda, wanda tun ranar bai buɗe baki ba. Da tef na awo, da guntun alli, da dutsen guga na gawayi, da gwangwanin kwarkwaro. Ya bar yadin Ista na mata goma sha ɗaya, yankakke, shida sun riga sun zo sun karɓe nasu, ba a kuma ga laifinsu ba. Ya bar Shekari, wanda har yanzu yake zagayen ƙofofin kamfanoni da takardunsa a jakar leda, da yara uku. Iyalan suna godiya ga Malam Isiyaku tela na bakin kasuwa, wanda ya ce Judith ta riƙa zuwa tana hawa kekensa idan ya tafi cin abincin rana, har ta fitar da kayan mata biyar ɗin da suka yi haƙuri. Shi ba shi da ɗa a makarantar.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a, ashirin da ɗaya ga Maris. Gawa za ta bar gida a cikin baro da ƙarfe bakwai da rabi na safe, Shekari ne zai tura. Za a bi ta ƙofar makaranta daidai lokacin da yara suke layi, a tsaya a nan, a buɗe fuskar marigayin, ba za a motsa ba sai hedimasta ya gama jawabi. Daga nan a sa shi a mota zuwa Panteka, inda masu narkar da ƙarfe suke jira. Teburinsa zai zauna a gida, za a kasa tumatir a kansa. Ba a bukatar wakilai daga ƙungiyar iyaye da malamai. Duk wanda ya shigo da kati ko ƙullin yadi, abin da ya same shi shi ya saya.

Eunice ba za ta raka gawa ba. An zaɓe ta ta yi wa makarantar gudu a gasar shiyya, kuma tana da atisaye a safiyar. Ta ce ita ta daina gudu, tunda gudunta ne ya kashe Yaya. Uwarta ta ce mata wanda ya kashe Yaya bai taɓa yin gudu ba a rayuwarsa, ta tashi ta kawo gajeren wandonta da ya yage a gefe. Judith tana ɗinke shi yanzu, da allura da zare, a hannu.