Ranar da Na Ɗaga Hannu Biyu a Majalisa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da Malam Bukar ya kafa mana majalisa a makarantar Midil, can Haɗeja, zamanin Turawa na nan. Ya dawo daga Kaduna ne da labarin majalisu biyu, ya ce mu ma sai mun gwada. Ƙananan azuzuwa suka zama majalisar farko, mu manya muka zama ta biyu, mai sake duba abin da ta farko ta zartar. Aka raba jam'iyyu biyu, ni kuwa aka bar ni a tsakiya.

"Kai indifenda ne," in ji Malam. "Ba ka da jam'iyya. Ka saurari kowa, sannan ka bi hankalinka."

Ranar har tafiyata sai da ta sake (hular ma na karkata ta gefe).

Maganar da ke gabanmu ba wasa ba ce. Ruwa ya janye daga fadama, lokacin su, wato kamun kifi, ya yi, ranar da gari duka ke faɗawa ruwa da homa da gora. Yara suka zartar a ba mu hutun ranar, hedimasta kuma ya yi alkawarin bin abin da muka yanke. Majalisarmu ta rabu daidai wa daida, saura ni.

Abokina Ilu, jagoran masu son su, ya kawo mini gasasshiyar tarwaɗa. Na cinye. Yaya Maina, ɗan wan babana kuma shugaban ɗalibai, ya ja ni gefe ya ce, "Jarrabawa ta matso. Ka kunyata ni, Baffa zai ji." Na ce masa to. Ilu ma to ɗin na ce masa.

Ranar ƙuri'a aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, ga Baturen makarantu a kujera, ga dattawan En'e. Na miƙe na zuba jawabi a kan 'yancin tunani har aka tafa mini. Malam ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Ilu ya kalle ni, na ɗaga dama. Kafin in sauke aka kira masu adawa, Yaya Maina ya yi gyaran murya. Wallahi ban san lokacin da hagun ya tashi ba.

Ga ni tsaye, hannu biyu a sama kamar wanda dogarai suka ritsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam a natse, "wanne za mu ƙirga?"

Dattawa suka dinga dariya har da share hawaye da bakin rawani, Bature na tambayar tafinta me ya faru. Aka soke ƙuri'ata, magana ta faɗi. Muna aji muna jiyo kiɗan masunta daga kogi, ba mai ko kallona. Har yau in na je gida, tsofaffin da suka rage "Hannu Biyu" suke kirana, kuma ina amsawa da daɗi, don masu kiran sun yi ƙaranci.

Tun daga nan na gane, wanda ba ya iya cewa a'a, gara ya nemi jam'iyya ta riƙa faɗa a madadinsa.