Rasuwar Ɗan Damagum, Keken Malam Dabo

Da zuciya cike da baƙin ciki, da fushin da ya fi baƙin cikin yawa, Malam Dabo mai kiwon shanu na unguwar Bolewa, Potiskum, yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki da munafukai rasuwar kekensa, wanda aka fi sani da Ɗan Damagum saboda garin da aka sayo shi. Ya rasu ranar Talata da hantsi yana da shekara talatin da huɗu. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, kuma waɗanda suka kashe shi sun san kansu.

Marigayin mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Ya ɗauki dusa da harawa, ya ɗauki Malam Dabo zuwa kasuwar shanu cikin rana da ruwa, bai taɓa neman komai ba sai iska da ɗigon mai a kaca. Maganarsa biyu ce tak a duniya. In hanya ta cushe ya ce, “Ƙirrin! Ƙirrin!” In an hau tudu ya ce, “Ƙiii, ƙiii,” shi ma a hankali, don kada ya kunyata mai shi.

Jinyarsa ta fara ne daga ta wani. Wata uku da suka wuce aka kai Zainulabidin, jikan Malam Dabo, ɗan shekara goma sha shida, asibiti saboda yawan kasala da ƙishirwa. Likita ta ce sukarin jininsa ya fara hawa, kitse ya fara kwanta masa a hanta, jikin yana tsatsa daga ciki irin ta ƙarfen da aka ajiye. Ta hana lemon kwalba da soye-soye, ta ce ya motsa jiki kullum tun abin bai zama ciwo ba. Malam Dabo bai yi mamaki ba. Sana'arsa ke nan: a ɗaure sa a turke, a cika masa ciki, a hana shi tafiya, kuma ya san inda irin wannan sa yake ƙarewa. Ranar nan ya goge keken, abin da ya fi ƙauna, ya miƙa wa yaron don zuwa makaranta.

Kowace safiya Zainulabidin yana hawa har kwanar layi, daidai inda idon kakansa ke ƙarewa. Daga nan sai ya tura bawan Allah bayan tirelolin da ke fake a gareji, ya zauna teburin mai shayi ya buga taliya da ƙwai, ya kora da lemo, ya tare napep. In zai dawo kuwa sai ya yayyafa ruwan leda a goshi ya shigo yana haki. Ya Kaka, uwargidan Malam Dabo, wadda ke ɗaure masa kuɗin napep a bakin zani, ita ce ke tarbarsa da sannu da wahala. A ganinta ƙiba hutu ce, likita kuwa baƙin ciki take yi da jikan mutane. Malam Dabo ya yi ta yabon taya da ba ta cinyewa, abin da har yau in ya tuna sai ya ji kamar ya mari kansa.

Ranar Talata wata tirela ta ja da baya. Shaidu sun ce marigayin ya yi “ƙirrin” sau ɗaya.

Ya bar famfo ɗaya, kwaɗo da makullinsa, da Babaji mai faci, wanda ya yi masa hidima tun yana sabo kuma shi kaɗai ya zubar da hawayen gaskiya. Direban tirelar an yafe masa, bai san da kowa a bayansa ba. Mai shayi ba a yafe masa ba. Ya Kaka kuma maganarta tana gaba.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da safe daga gareji zuwa wurin 'yan gwangwan a Dogo Nini. Zainulabidin ne zai ɗauke ta a kafaɗa, da ƙafa, Malam Dabo na biye da shi. Duk mai napep da ya rage gudu kusa da su ya kuka da kansa. Mai zuwa ta'aziyya ya zo a ƙasa, wanda ya riƙo katan ɗin lemo ya juya tun daga zaure.

Za a bi ta doguwar hanya, a tsaya a maƙabarta kan kabarin Abdulrahim, mahaifin yaron, wanda ciwon sukari ya fara cinye wa ƙafa kafin ya ɗauke shi yana ɗan arba'in da ɗaya. Malam Dabo ya riga ya bi bayan ɗansa a kan makara. Jikan nan kuwa, ya gwammace ya bi bayansa yaron yana tafe da ƙafarsa, yana gumi na gaske, ko da zai tsane shi har ƙarshen rayuwarsa.